Koriyar Rigar Liyarin Hure

A ƙauyen Ɗinya, tafiyar rabin sa'a daga Zakirai idan babur bai yi gardama ba, gonaki sun matsi gidaje har akuyar mutum ba ta iya miƙa wuya ba tare da ta ɗanɗani gyaɗar maƙwabci ba. A gefen masallacin garin akwai wata rumfar kara da ta karkace tun shekarun baya, ta kuma ƙi faɗuwa. Nan Muntaka Baduku yake zama tun hantsi har la'asar sakaliya, ƙafa ɗaya a miƙe, ɗaya a naɗe, tumbinsa ya zama teburin aiki.

Shekarunsa hamsin da shida, ko da bakwai, ya danganta da wanda ya tambaya. Dukanci gado ne a gidansu, sai dai na yanzu ba irin na da ba ne. Yau jakar 'yan makaranta ta yage, gobe silifas ya tsinke, jibi mahauci ya kawo kuben wuƙa. Bahago ne, da hagu yake riƙe basilla, da hagu yake yanka fata, hannun dama kuwa ya keɓe shi don tuwo da gaisawa. Mutum ne mai son hira da tsoron tsani. Ko rumbu ba ya hawa, ya ce tun yana yaro ya lura ƙasa ba ta taɓa yar da kowa ba.

Abin da ya sa aka san shi har Gezawa ba silifas ba ne. Ubansa ne, marigayi Ado.

A zamanin Ado, ajiyar mace a wannan yanki ba ta wuce tunkiya, ko jeren kwanuka, ko liyari ba. Liyari tsohon kuɗin azurfa ne da fatake suka shigo da shi, ya kusa cika tafin hannun yaro, da hoton wata mata mai jiki a fuskarsa. Ba wanda ya san sunanta a Ɗinya, sai ake ce mata Uwargida. An daɗe da daina cefane da shi, amma azurfa ba ta yin kwantai. Miji kan ba matarsa ranar suna, ko uwa ta ba 'yarta, a kai wa baduku ya ɗinke shi ruf cikin fata, a rataya a wuya a ƙarƙashin mayafi. Wannan fatar ita ake kira rigar liyari.

To, akwai na gaskiya, akwai kuma na dalma da 'yan damfara ke wankewa da ruwan azurfa, kuma da zarar an ɗinke ba mai sake ganin abin da ke ciki. Shi ya sa Ado ba ya sa basilla sai ya gwada. Yana da wani baƙin dutse mai santsi. Zai ɗaga liyarin kamar kamu ɗaya, ya rufe ido, ya sake shi. Idan ya ji tim, sai ya tura wa mai shi kayansa da ɗan yatsa, ya ci gaba da aikinsa. Ado ba mai magana ba ne, yana iya kwana biyu da kalma biyar, har ya yi ragowa. Idan amon ya fita amma fuskar Uwargida ta sha hannu ta shafe, sai ya ɗinke da jar fata. Idan kuwa amo ya yi tsawo, hancin Uwargida yana nan, maɓallin kafaɗarta yana nan, to wannan shi ke samun koriyar fata. Ba roƙo, ba sanayya. An ce har ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya taɓa tura wa kayansa da yatsa, suka yi damina guda ba sa haɗa tabarma.

Da haka koriyar rigar Ado ta zama shaida. Mace ta kai ta kasuwa, mai saye ya duba ɗinki, ya biya, ba a farkewa.

Da Ado ya rasu, kowa ya zaci Muntaka zai ci gaba. Sai ya ƙi. Duk wanda ya kawo liyari a gwada, amsa ɗaya ce: "Kunnen ya tafi da mai shi." Mutane suka yaba, suka ce ga yaro mai sanin matsayinsa. Muntaka ya karɓi yabon yana sunkuyar da kai, wanda ya ƙara masa kwarjini, alhali dalilin sunkuyawar daban ne.

Ga dalilin. Yana ɗan shekara goma sha takwas Ado ya tafi ta'aziyya Tsanyawa, tafiyar kwana uku. A rana ta biyu wani mai suna Mati ya shigo zaure da sassarfa. Mati dillalin awaki ne, mutum mai daɗin baki, wanda zai sayar maka da tsohon bunsuru ka tafi kana masa godiya. Matarsa Hure, 'yar yayar Ado, ta haifi autanta, gobe suna, ga liyari ya samo, yana so a rataya mata kafin a watse.

"Baba ba ya nan," in ji Muntaka.

"Kai fa? Ko duwatsu kake gadi? Yaro, na daɗe ina kallon hannunka. Wallahi wani lokaci sai in rasa wanne ne na Ado wanne ne naka. Mutane ne dai ba sa faɗa saboda kada tsoho ya ji babu daɗi."

Ba a taɓa yi wa Muntaka irin wannan magana ba. Kansa ya kumbura har hularsa ta matse shi. Ya karɓi liyarin, ya juya shi, ya ga Uwargida ba hanci. Ya san wannan, ko da azurfa ne, ja ya cancanta. Amma Mati ya riga ya ɗauko koriyar fata da kansa yana shafawa yana cewa mai jego ai sai kore. Saura gwaji. Dutsen yana nan kusa da gwiwarsa, sai dai amon liyari yana shiga har cikin gida, innarsa kuwa tana tsakar gida tana tankaɗe, ta kuma san mijinta ba ya gari. Saboda haka Muntaka ya ɗinke shi shiru, bai gwada ba. Ya kwaikwayi ɗinkin ubansa tsaf, har komawa baya sau uku da Ado ke yi a ƙarshe kafin ya ɓoye ƙulli. Abu ɗaya ne ya gagare shi. Ɗinkin Ado yana kwantawa dama, na bahago yana kwantawa hagu, kwanciyar da ba ta fi kaurin gashi ba.

Ado bai taɓa sani ba, don abin yana wuyan mace a ƙarƙashin mayafi. Mati ya rasu da maganar a cikinsa. Muntaka kuwa shekara talatin da takwas duk sa'ad da ya hango igiyar a wuyan Hure sai tambaya ɗaya ta taso masa: me ya sa Mati ya jira sai ranar da Ado ba ya gari?

Da an bar abin a wuyan Hure, da ƙila an binne maganar tare da su duka. Sai ga Kamaruddeen.

Kamaruddeen saurayi ne ɗan birni, mai shago a Kano, yana bin ƙauyuka da babur mai ƙyalli yana sayen tsofaffin kuɗi: anini, kwabo mai huji, sule, liyari. Yana da masu saye a waya, mutanen da ke tara irin waɗannan abubuwa kamar yadda wasu ke tara tantabaru. Ko ta yaya labarin Ado ya kai musu, sai kasuwa ta juya. Liyari tsirara a auna shi a sikeli a biya kuɗin azurfa. Liyari cikin jar rigar Ado ya fi haka. Cikin koriyar rigar Ado kuwa, a rufe, ba a taɓa ɗinkin ba, ya ninka tsiraran sau huɗu.

Ranar da ya fara jin haka Muntaka ya ajiye basilla.

"Tsaya, ɗana. Idan sun saya, sai su farke su ga azurfar?"

"Haba Baba! Wa zai farke? Ana farkewa ai an kashe kaya."

"To ba sa ganin liyarin ke nan."

"Ba sa gani."

"Wanda ya saya a hannunsu fa?"

"Shi ma ba ya gani."

"Ikon Allah. To fatar akuya suke saye ko azurfa?"

Kamaruddeen ya yi dariya, ya gyara zama a kan benci. "Baba, kunnen Ado suke saye. Shi ya ji, ya ce kore ne, magana ta ƙare. Na yanzu kowa kore yake ɗinkawa idan an ba shi na goro. Tsohon hannu shi ne orijinal."

"Idan ni na ɗinka fa?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba, amma ko kyauta."

Muntaka ya ce ai gaskiya ce, ya kuma ji ta har ƙashi.

Tun daga nan aka sami sabon aiki. Duk rigar da Kamaruddeen zai saya sai ya kawo rumfa. Muntaka ya ɗaga ta a hasken rana, ya bi ɗinkin da farce, idan ta Ado ce sai Kamaruddeen ya saita waya ya ɗauki bidiyo, Muntaka ya dubi wayar ya ce, "Ni ne Muntaka ɗan Ado. Wannan ɗinkin mahaifina ne." Idan ba tasa ba ce ya ce ba tasa ba ce, ko mai ita za ta yi fushi. Ya kori na jabu da dama, har da wata da aka shafa wa toka da man gyaɗa don ta yi kama da tsohuwa. Ya ma fara jin daɗin abin. Yakan sa sabuwar hula ranar da ya san ɗan birni zai zo.

Wata Talata a ƙarshen bazara, gari ya ɗauki zafi, manoma sun gama sharar gona suna ta kallon gabas, sai ga Hure ta dogaro sanda ta tsaya a bakin rumfa. Ta haura saba'in, ta rame, amma bakin nan bai rage komai ba. Taubasai ne ita da Muntaka, saboda haka ba su taɓa gaisawa cikin mutunci ba.

"Bahago, har yanzu kana nan kana cutar mutane da ruɓaɓɓen zare?"

"Yaya Hure, ashe kina raye? Jiya na ga ungulu na kewaya gidanku, na ce in shirya."

"Tumbinka suka hango suka yi kuskuren gida. Matsa in zauna."

Ta zauna, ta huta, sannan ta ce ɗakinta ya gaji. Soron ya tsage ta uku. Bara duk kwanukan aurenta sun ƙare a tarar ruwa, har ta koyi barci a zaune kamar kaza. Yaran suna birni, kowa da nasa nauyin, ba ta son ta zama abin kira a waya. Bana rufin kwano za ta sa. Ta yi magana da yaron nan mai babur, ya ce idan kore ne na Ado zai isa kwano da ƙusa da kuɗin kafinta. Zai zo Juma'a bayan an sauko.

Ta zaro igiyar daga wuyanta ta ajiye masa a cinya. Koren ya dushe ya koma kamar ganyen kuka busasshe, gefuna sun yi baƙi da zufar shekaru. Muntaka bai buƙaci ɗagawa a rana ba. Ɗinkin yana kwance hagu, yana kallonsa.

"Ka yi shiru. Ko ba ka gane hannun ubanka ba?"

"Na gane hannun," in ji Muntaka.

Laraba ya ɗinka wa wani silifas ƙafar dama biyu. Alhamis da safe matarsa Jumma ta kawo masa koko da ƙosai, ta dawo ta tarar da ƙosan yadda ta bar su. Shekara talatin suna tare ba ta taɓa ganin ƙosai ya tsira a gabansa ba. Ta janyo kujera.

"Malam, wa ya mutu?"

Sai ya ba ta labarin, tun daga ta'aziyyar Tsanyawa. Jumma ta saurara tana cin ƙosan ɗaya bayan ɗaya, don kada a yi asara.

"Wa ya sani bayan kai?"

"Allah."

"To ai kun isa taro." Ta goge hannu. "Amma fa ɗakin Yaya Hure da gaske yake zuba, na gani da idona. Idan ka yi shiru ɗan birni ya saya, wani ya saya a hannunsa, ba mai farkewa har a tashi duniya."

"Ba shirun ba ne matsala. Shiru na iya shi, na gada. Sai na buɗe baki na ce ɗinkin Baba ne. Mutumin da ya ƙi ɗan'uwansa a kan liyari ɗaya, in sa sunansa a kan abin da ban ma san ko dalma ce ba."

"Idan ka faɗi gaskiya kuma tsohuwa ta kwana a ruwa."

"Shi ne."

"To Allah ya ba ka mafita. Kokon ma ba ka sha?"

Ya yini yana neman mafitar, kuma kafin la'asar ya samo wata da ta burge shi ƙwarai. Ba zai yi ƙarya ba, ba zai kuma tona ba. Zai dubi waya ya ce, "Wannan daga rumfar Ado ta fito." Ai daga nan ta fito. Fatar ta Ado ce, zaren na Ado ne, basillar ta Ado ce, shi kansa mai ɗinkin na Ado ne. Ya maimaita maganar sau da yawa a ransa har ta yi santsi, ya ci tuwon dare malmala biyu.

Juma'a aka sauko daga masallaci, mutane ba su watse ba, don labari ya zaga cewa Hure za ta sayar da korenta. Aka cika bakin rumfa. Hure ta zauna a kan benci kamar mai jiran a naɗa ta. Kamaruddeen ya goge fuskar wayarsa da hannun riga, ya saita.

"Bismilla, Baba."

Muntaka ya ɗaga rigar, ya gyara murya. "Ni ne Muntaka ɗan Ado. Wannan daga rumfar Ado ta fito."

Kamaruddeen ya sauke wayar. "Baba, yadda ka saba dai. Kwastomomin nan sun haddace maganar. Ka ce ɗinkin mahaifina ne."

"Ai duk ɗaya ne."

"To tunda ɗaya ne faɗi wancan."

Aka sake saitawa. Muntaka ya ce, "Ni ne Muntaka ɗan Ado. Wannan fatar mahaifina ce, kuma zarensa ne."

"Baba, caji na ƙarewa."

Hure ta karkato kai, ta ƙanƙance ido. Ta san Muntaka tun yana yawo ba wando. "Bahago, me kake kewaye-kewaye kamar kare zai kwanta? Ɗinkin kawu ne ko ba nasa ba ne?"

Zufa ta gangaro daga ƙarƙashin sabuwar hular. Muntaka ya dubi wayar, ya dubi jama'a, ya dubi wannan ɗinki da ke kwance hagu. Ya buɗe baki don ya faɗi abin da aka saba, ya fasa. Sai ya ajiye rigar a cinya.

"Ba nasa ba ne. Nawa ne. Baba yana Tsanyawa ranar. Ni na ɗinka, kuma ban gwada ba."

Wani ya yi salati a hankali.

Kamaruddeen ne ya fara farfaɗowa. Ya durƙusa kusa da Muntaka ya rage murya, duk da kowa na ji. "Baba, rana ce ta buge ka. Zan goge wannan, ka sha ruwa, mu sake. Ni ban ji komai ba."

"Ni na ji," in ji Hure.

Ta miƙa hannu ta ɗauki rigar, ta juya ta, ta daɗe tana kallo. Muntaka ya shirya wa zagi, ya ma sunkuyar da kai don ya sauka daidai. Amma da ta yi magana ba da shi ta fara ba.

"Mati ya ce min da idonsa ya ga kawu ya sake shi a dutse. Har kwaikwayon ƙarar ya yi min, ina kwance da jariri." Ta girgiza kai. "Shekara talatin da takwas ina yawo da aikin ɗan koyo a wuya, ina yi wa mata yanga. Farke."

"Inna, kada a farke!" in ji Kamaruddeen. "Ko a haka zan iya nema miki wani abu. Tsohuwar fata ce, wani zai so. Ana sa wuƙa shi ke nan."

"Yaro, ba ta kuɗinka nake ba yanzu. Shekara goma sha ɗaya ina yi wa marigayi Mati addu'a safe da yamma. Ina so in san irin addu'ar da ta kamace shi. Bahago, kai ka rufe, kai za ka buɗe."

Muntaka ya ɗauki ƙaramar wuƙa. Ya tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, yana lura, ba da son ransa ba, cewa yaron nan ɗan sha takwas ya iya ɗinki. Fatar ta buɗe da ƙyar. Liyarin ya faɗo tafinsa, baƙi ƙirin, Uwargida ba hanci ba maɓalli, fuskarta sumul kamar bayan ludayi.

Baƙin dutsen Ado yana nan inda yake kullum, Muntaka ya mayar da shi abin dukan fata. Ya share shi da gefen riga. Ya ɗaga liyarin kamu ɗaya. Bai yi niyyar rufe ido ba, idon ne ya rufe kansa. Ya saki.

Amon ya tashi siriri, ya yi tsawo, ya ratsa rumfar ya fita, bai mutu ba sai da liyarin ya gama rawa ya kwanta. Muntaka ya san wannan ƙarar. Ya ji ta sau dubu yana yaro, yana riƙe wa ubansa zare.

"Azurfa ce," ya ce. "Tsantsa. Amma ja ce, ba kore ba."

Hure ta sauke numfashi. Ta ɗauki liyarin ta goge shi da bakin mayafi, ta kalli matar da ta kwana a ƙirjinta shekara da shekaru ba su taɓa haɗa ido ba.

"Allah ya jiƙan Mati," ta ce. "Rabin gaskiya ya faɗa. A wurinsa kuwa wannan ƙoƙari ne."

Aka bushe da dariya, har da waɗanda Mati ya taɓa sayar wa bunsuru.

Kamaruddeen ya ciro ɗan sikelinsa ba walwala, ya auna, ya faɗi abin da azurfa tsirara ta kama. Ba zai rufe ko rabin ɗakin ba. Hure ta ce ya mayar da sikelinsa aljihu. Ya tattara kayansa yana ƙunƙuni cewa ƙauyen nan gaskiyarsu ta yi yawa, ba a kasuwanci da haka. Da ya hau babur kuma ya juyo ya tambayi Muntaka ko akwai wasu masu kwanciya hagu a cikin waɗanda ya riga ya saya. Muntaka ya ce babu, sau ɗaya ya yi, sau ɗayan ma ta ishe shi. Yaron ya ce to sai wata Juma'ar.

Jama'a suka fara watsewa. Muntaka ya matso kusa da Hure.

"Yaya Hure, ki yafe ni. Na hana ki kwano."

"Ka hana ni."

"Bari in ɗinka miki ja. Ba ko sisi."

"Za ka ɗinka, da hagunka, kowa ya san naka ne. Amma ja ba ta tare ruwa." Ta dogara sanda ta miƙe. "Gobe da sassafe ka zo da kwando. Akwai ƙasa a bayan gida, makubar shafen soro kuma na jiƙa tun shekaranjiya don ban yarda da ɗan birni ba. Kai za ka yaɓe min soron. Bana, da baɗi, da duk shekarar da ta same mu a raye."

"Soro? Sama?"

"A'a, za mu sauko maka da shi ƙasa."

"Yaya Hure, in biya magini."

"Magini ne ya ɗinka?"

Haka aka yi. Asabar da safe rabin Ɗinya suka bar kallon gabas suka zo kallon Muntaka a kan tsani. Matakin farko ya yi bismilla, na uku ya yi salati, na biyar ya fara wasiyya, yana gaya wa Jumma inda ya ajiye almakashi mai kyau. Tsanin ya yi ƙara, ya lanƙwasa, ya yi haƙuri. Da ya isa sama ya kwanta rub da ciki ya rantse ba zai sauko ba sai an rushe ɗakin. Hure na ƙasa a inuwa tana nuni da sanda: can kusa da indararo, a'a ba nan ba, hagunka, wato hannunka na kirki. Kwana uku ya yi yana wannan hawa da sauka. Ya cike tsagar nan uku, ya bi da makuba, ya lailaye da tafin hannu yadda yake lailaye fata. Da ya gama ya kwana biyu ba ya iya naɗe ƙafa.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Litinin da azahar, mai ƙarfi, irin wanda ke sa manoma fita da kwaryar iri tun bai ɗauke ba. Muntaka na rumfa ya tattare fatunsa a cinya, bai ɗinka komai ba, idonsa na kan lungun gidan Hure. Ruwa ya tsagaita, ya ɗauke, ƙanshin ƙasa ya tashi. Shiru. Ya fara murmushi, har ya ɗauki basilla.

Sai ga ta nan tafe, tana tsallake kwatami da sanda, gefen mayafinta a jiƙe.

"Bahago."

"Na'am, Yaya Hure. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Wuri biyu sun daina."

"Alhamdu lillahi. Na ukun fa?"

"Na ukun ya tashi daga bakin ƙofa ya koma daidai kan gado."

Muntaka ya dubi sama. Wani hadarin yana haɗowa daga gabas. Ya ajiye basillar, ya dafa ƙasa, ya miƙe da nishi, ya tambaye ta ko tsanin yana nan inda ya bar shi.